Canjin Kuɗi da Ingancin Kayan da Masana'antu ke Sayowa daga Waje

Idan darajar kuɗin ƙasa ta faɗi, abin da kowa ke fara gani shi ne tashin farashi, wannan kuwa ba ya bukatar dogon bayani, gama ko yaron da aka aika sayen sabulu ya san ba a maido masa canjin da ake maidowa bara ba. Amma akwai wani sashe na hasarar wanda ba ya bayyana a kan farashi, sai dai ya shige cikin jikin kayan ya ɓuya. Turmin atamfa yana nan da sunansa da zanensa, sai an kai shi wanki na biyu a ga ya zuba. Bokitin roba yana nan da girmansa, sai rana ta buge shi wata uku ya tsage. Wannan ɓoyayyen sashe shi ne abin da za a bincika a nan, watau yadda hawa da saukar canji ke taɓa ingancin abin da mai masana'anta ke sayowa daga ƙasashen waje domin ya sarrafa. Ba maganar kayan da ɗan kasuwa ke shigowa da su a gama ake yi ba. Ana nufin injuna da kayan gyaransu, da sinadarai irin su rini da gishirin jima, da kuma kayan da aka fara sarrafawa ba a ƙare ba, kamar zare da ƙwayar roba.

Yana da kyau a fara da tsai da ma'anar kalmomi biyu. "Canji" ararriya ce daga Turanci, ta kuwa ɗauki ma'ana fiye da ɗaya a bakin Bahaushe: ragowar kuɗin da ake maido wa mai saye, da ƙananan kuɗi, da kuma musayar kuɗin wata ƙasa da na wata. Ma'anar ƙarshe ake nufi a nan, watau yawan nairar da za a bayar a karɓi dala ɗaya. "Inganci" kuwa ya bambanta da kyau. Kyau ido ke ganinsa nan take a kasuwa; inganci sai an yi aiki da abu kwana da kwanaki ake saninsa, shi ya sa ya haɗa ƙarko da ƙwari da rashin algus. Wannan rata ta lokaci, tsakanin ranar saye da ranar da gaskiyar kaya ke fitowa, ita ce ƙofar da dukan al'amarin ke bi.

Sa'ad da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfani na Lankasha mai suna David Whitehead, mai masana'anta ba shi da wata damuwa game da canji. Fam ɗin Afirka ta Yamma daidai yake da fam ɗin Ingila, haka kuma fam ɗin Nijeriya da Babban Banki ya fara bugawa a 1959. Har ma da Ingila ta rage darajar fam ɗinta a Nuwamban 1967, daga dala 2.80 zuwa 2.40, Nijeriya ba ta bi ta ba. Naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, biyu a fam ɗaya, sa'an nan kuɗin mai ya ɗaga ta, har a 1980 dala ɗaya ba ta wuce kwabo 55 ba. A cikin wannan yanayi aka kafa yawancin masana'antun Kakuri a Kaduna da na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, aka kuwa tsara su bisa zaton cewa inji da rini da zaren roba za su riƙa zuwa daga waje da araha har abada.

Zaton bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, a 1982 gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasin. A Satumban 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, dala ta haura naira 4 a ciniki na farko. Daga 1994 zuwa 1998 gwamnati ta ɗaure farashinta a wajen naira 22, alhali a hannun 'yan canji ta kai 80 da ɗoriya. A 2015 tana wajen 197. A Yunin 2016 aka sake ta ta kai kusan 280 cikin kwana ɗaya. A Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500.

To, yaya waɗannan lambobi ke shiga cikin turmin atamfa? A ƙaddara, domin misali kawai, akwai rini iri biyu, mai kyau ana sayar da kilo dala 10, na baya da shi dala 6. Sa'ad da dala take naira 200, na farko naira 2,000 ne, na biyu 1,200, ratar da ke tsakani 800. Idan dala ta koma 1,500, na farko ya zama 15,000, na biyu 9,000, rata ta zama 6,000. Mai lissafi zai lura cewa gwargwadon tsadar ɗaya a kan ɗayan bai canza ba, har yanzu shida ne bisa goma, saboda haka a ƙa'ida babu dalilin da zai sa a bar mai kyau. Amma mai masana'anta ba da gwargwado yake biyan banki ba, da naira yake biya. Uwar kuɗinsa da ta isa sayen tan goma bara, bana ba ta isa tan biyu ba. Mai sayen atamfar kuma albashinsa ko kuɗin amfanin gonarsa bai ninka sau bakwai ba. Ga kuma kuɗin fito, wanda kwastan ke lissafawa bisa darajar kaya a dala sa'an nan su juya shi zuwa naira da farashin canji, saboda haka shi ma yana tashi tare, ya fi kuwa nauyi a kan kaya mai tsada.

Hanyoyi uku ke gaban mutumin. Ko ya ɗora dukan ƙarin a kan farashi, masu saye su gudu. Ko ya rage awo, abin da masu sabulu da burodi da madarar gari suka saba yi. Ko ya bar farashi da awo kusa da yadda suke ya rage abin da ke ciki. Yakan haɗa duka ukun, amma na ukun ya fi jan hankali, don shi kaɗai ne mai saye ba ya iya kamawa a bakin kanti.

Rini ya isa misali, domin a nan ne bambancin ya fi girma, a nan ne kuma ido ya fi ruɗuwa. Akwai rini ɗan'uwan baba, wanda ba ya narkewa cikin ruwa sai an jiƙa shi da soda mai ƙarfi da wani sinadari. Ya shiga cikin zare a narke, sa'an nan iska ta buge shi ya koma daskararre a can ciki, ya kasa fita. Duk wanda ya ga yadda zane ke fitowa daga karofin Ƙofar Mata kore-kore sa'an nan ya rikiɗa shuɗi a gaban idonsa ya ga wannan aiki. Akwai kuma rinin da ke ƙulluwa da jikin auduga ya zama ɗaya da ita, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fara fitarwa kasuwa a 1956. Waɗannan biyu suna jure wanki, amma suna da tsada, suna kuma bukatar tururi da wanki mai yawa a masana'anta. A ƙasa da su akwai rinin da ke manne wa zare kawai ba tare da ƙulli ba, da kuma kalar da ake shafawa a saman yadi a liƙa ta da danƙo. Ranar da aka fito da su daga inji, mai araha kan fi mai tsada ɗaukar ido. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, amma a nan tana adon mako biyu, mako biyun kuwa sun ishi mai kaya ya sayar ya karɓi kuɗinsa.

Haka abin yake ga zare. Ana iya rage yawan zaren tsaye da na kwance a kowane inci, a cike gurbin da sitaci, yadi ya yi kauri a hannu har ranar da zai taɓa ruwa. Mai ƙera roba kuma yakan rage sabuwar ƙwaya ya daɗa narkakkiyar tsohuwar roba da garin alli, ya kuma janye sinadarin da ke kare roba daga zafin rana, tun da shi ma da dala ake sayensa.

Wannan ba halin Nijeriya kaɗai ba ne, an kuwa auna shi a wasu ƙasashe da lissafi. Bayan kuɗin Rasha ya rasa kusan rabin darajarsa a 2014, Daniel Goetz da Alexander Rodnyansky sun bi littattafan wani babban kamfanin sayar da kaya na can, suka tarar manyan kaya masu inganci sun ragu a cikin abin da yake kawowa idan aka gwada da ƙananan, ko da yake manyan su suka fi riba. Gita Gopinath da Brent Neiman kuma sun duba Ajantina, inda kayan da ake shigowa da su suka ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 2000 da 2002. Abin da suka gano shi ne manyan kamfanoni ba su daina sayayya a waje ba, sai dai kowanne ya rage ire-iren abin da yake sayowa, da yawan ƙasashen da yake sayowa daga gare su. Wanda a da yake da sinadari na musamman ga kowane aiki, ya koma yana yin aiki uku da guda ɗaya, yawan abin da ma'aikaci ke samarwa kuma ya ragu.

Tsadar dala ita kaɗai, da za ta tsaya wuri ɗaya, da da sauƙi, gama kasuwa takan saba da kowane farashi idan ya zauna. Abin da ya fi ɓarna shi ne rashin sanin gobe. Mai masana'anta a Kano yakan cike takardar izinin shigo da kaya, bankinsa ya buɗe masa takardar lamuni, a ɗora kaya a jirgin ruwa daga Indiya ko Sin ko Jamus su yi makonni a teku, su yi wasu makonnin a tashar Legas, sa'an nan mota ta yi tafiyar kilomita dubu da su. Kafin ya sarrafa, ya sayar, ya tattara bashi daga dillalai, an ci watanni. Idan naira ta faɗi cikin wannan tsakani, kuɗin da ya tara, uwa da riba, ba za su sake sayo abin da ya ƙare ba. Wanda haka ta same shi sau biyu yakan daina yin babbar oda kai tsaye daga kamfanin da ya ƙera sinadarin, ya koma sayen duro biyu ko uku a hannun dillali, lokacin da yake bukata. Nan ne kuwa inganci ke fita daga hannunsa baki ɗaya. Sa'ad da yake saye daga tushe, kowane duro na zuwa da takardar gwaji, idan kuma aka sami matsala akwai wanda za a kama. Duron da ya bi hannu huɗu, ba wanda zai rantse a kan abin da ke ciki, ko da tambarin da ke jikinsa na gaske ne.

Ga mai rini, ƙarshen abin zane ne ya koɗe. Ga mai haɗa magani kuwa, wanda kusan dukan sinadaransa daga waje suke zuwa, rai ne. A 1990 yara fiye da ɗari sun mutu a Nijeriya bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadarin masana'anta mai guba, wanda aka sayar da sunan sinadarin magani mai kama da shi. A 2008 zuwa 2009 irin wannan guba ta sake kashe yara 84 ta hanyar maganin haƙori. Ba za a ce canji ne ya kashe su ba, gama laifin na waɗanda suka canza suna ne da waɗanda ba su gwada ba. Amma hanyar da gubar ta bi, watau sayen duro a hannun wanda ba shi ya ƙera ba, ita ce hanyar da ƙarancin dala ke tura mutane su bi.

Kada kuma a ɗauka cewa naira mai ƙarfi ita ce maganin abin. Idan gwamnati ta ɗaure dala a farashin da ya gaza na kasuwa, dalar kanta ta zama haja, wadda ta fi kowane kaya riba. Wanda ya sami dala a naira 22 a 1996, yana iya sayar da ita a Wapa ya ninka kuɗinsa kusan sau huɗu ba tare da ya kunna inji ba. Irin wannan mutum abin da yake so shi ne takardar ciniki mai babban kuɗi da kaya mai ƙaramin kuɗi: a rubuta sabon inji, a ɗoro tsoho da aka yi wa fenti, ragowar dalar ta zauna a waje. A zamanin lasin ma haka aka yi ta yi, takarda ta faɗa hannun wanda ba shi da masana'anta, mai masana'anta ya saya daga gare shi da tsada. Tun kafin nan, a 1975, lokacin da kuɗin waje ya yi yawa, an yi odar siminti wajen tan miliyan 20, jirage ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a bakin Legas wata da watanni, har wani ya daskare a cikin jirgi. Arahar dala kan kawo sakaci da zamba, tsadarta kan kawo algus, farashi biyu a ƙasa ɗaya kuwa yakan haɗa duka.

Maganar injuna ta fi duka jinkirin bayyana. Rini mara kyau wata ɗaya ya isa ya tona kansa, amma masaƙar da ta fasa sayen sabon inji a 1988 ta ci gaba da lallaɓa na 1965, ana ƙera masa kayan gyara a wurin mai walda, ba a ganin sakamakon sai bayan shekaru, sa'ad da yadinta ya riƙa fitowa da tsallen zare, kuɗin aikinta kuma ya fi na abokan gasa na Asiya masu sababbin injuna. Rufewar masaƙun Kaduna, har da United Nigerian Textiles a 2007, tana da dalilai da dama, ciki har da rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfa ta Kwatano da Maraɗi. Amma tsufan injuna na cikinsu, tsufan kuwa wani ɓangarensa bashin canji ne da aka yi ta ɗagewa.

Akwai masana'antar da faɗuwar naira ba ta yi wa haka, ita ce mai sayarwa a waje. Majemun zamani na Kano suna sayo gishirin kurom da rini da man fata daga waje, amma suna sayar da fatar awaki da tumaki ga Italiya da Sifen, ana biyansu da kuɗin waje. Kuɗin sinadari bai ƙaru ba a lissafinsu, albashin ma'aikata kuwa ya ragu idan aka juya shi dala. Ba su da dalilin rage inganci, mai sayensu ma ba zai karɓa ba. Eric Verhoogen ya nuna irin wannan a Meziko bayan faɗuwar kuɗinta a Disamban 1994: masana'antun da suka fi ƙarfi sun daɗa fitar da kaya waje, sun kuma ɗaga ingancinsu, har masana'antar Volkswagen da ke Puebla ta rage ƙera tsohuwar ƙirar motar da ake sayarwa a gida ta daɗa sababbin da ake kaiwa Amurka. Watau faɗuwar kuɗi raba masana'antu take yi gida biyu, na fitarwa su hau, na cikin gida su sauka. Shi ya sa baduku a Kano, a garin da ake jeme fata mafi kyau, sau da yawa da ledar roba yake ɗinka takalmi.

Masu goyon bayan rage darajar kuɗi sukan ce tsadar kayan waje za ta tilasta wa masana'antu su koma ga na gida, haka kuma manomi ya amfana. Hujjar tana da ƙarfi a kan takarda, amma ta dogara ga na gidan ya kasance da inganci. A shekarar nan ta 1986 da aka saki naira aka kuma rushe hukumomin ciniki na amfanin gona, har da ta auduga, wadda ke raba iri da tantance daraja a kasuwannin kaɗa. Da tantancewa ta yi rauni, iri ya cakuɗe, aka riƙa zuba kaɗa cikin buhun leda maimakon na algarara. Zaren buhun leda yakan tsinke ya shiga cikin auduga, injin gurza na Funtuwa ko Gusau ba ya iya raba su, a kaɗa shi tare a saƙa, sai an kai ga rini ya ƙi kamawa, ya bar fararen layuka a jikin yadi. Masaƙar da ta guje wa tsadar dala ta faɗa wa wannan. Manyan injunan saƙa da mafi yawan rinin zamani kuwa ba su da madadi a gida, saboda haka zaɓin a nan tsakanin na waje mai kyau ne da na waje mara kyau.

Lissafin hauhawar farashi da hukumomi ke fitarwa yana da wuya ya kama wannan hasara, domin yana gwada turmi da turmi, bokiti da bokiti. Idan farashin abu ya ninka biyu, ƙarkonsa kuma ya ragu da rabi, ainihin tsadarsa ga mai gida ta ninka huɗu. Inda aka fi samun shaidar abin shi ne a harshen kasuwa. A Kantin Kwari sunan ƙasa ya daɗe da zama sunan daraja: Holan da Ingila a sama, bugun gida a tsakiya, "ɗan China" a matsayin mai araha, ko da yake Sin na ƙera kowace daraja, abin da mai oda ya iya biya shi ake ɗoro masa. "Lamba ɗaya" da "lamba biyu" sun zama hanyar tambayar abu guda mai suna guda. "Kwatano", sunan gari, ya koma nufin mota ko inji na hannu da aka shigo da shi. Shigowar "orijina" ita ta fi ba da labari, domin Hausa tana da "na asali" da "na ƙwarai" tun da can, tana kuma da "jabu" ga abin da ya saɓa. A da jabun ake ware wa suna, sauran kaya ba su bukatar shaida. A kasuwar kayan gyara ta yau kuwa mai saye ne ke cewa a ba shi orijina, in bai faɗa ba a miƙo masa lamba biyu. Mai tsara ƙamus da zai shigar da waɗannan kalmomi zai bukaci ya rubuta ma'anar wurin da ta darajar, ya kuma nuna wadda ta riga wata.